Shan Ruwan Ciyawar Alkama Kullum: Tambayoyi da Amsoshi

Ciyawar alkama ta shiga sahun abubuwan da ake tallatawa da sunan ƙarin lafiya. Wasu na shan ɗanyen ruwanta kowace safiya, wasu na dama garinta, wasu kuma ƙwayoyinta suke haɗiya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi fitowa daga bakin masu sha da masu niyyar farawa. Matsayinmu a kanta bai da wuyar faɗi: ganye ce kamar sauran ganyaye, ɗan kaɗan ake sha, kuma ɗanye ake sha, don haka tsabtarta da lafiyar mai shan su ne abin dubawa kafin komai.

Mece ce ciyawar alkama? Wata shuka ce dabam?

A'a, alkamar da aka sani ce, wadda ake niƙawa a yi fulawa. Ba a dai barinta ta girma. Ana shuka ƙwayar, bayan kwana 7 zuwa 10, idan tsiron ya kai tsawon santimita 15 zuwa 20, sai a yanke a matse ruwan. A wannan lokacin ba ta yi kara ba, ba ta yi gaɓa ba, balle ta fitar da kai. Ruwan kore ne shar, yana da kumfa a sama, ƙanshinsa na sabuwar ciyawar da aka yanke, ɗanɗanonsa kuma wani irin zaƙi ne mai nauyi da ke maƙalewa a maƙogwaro. Mutane da yawa wannan zaƙin ne ke tayar musu da zuciya, ba ɗaci ba.

Me ya sa ake matsewa? Ba za a iya taunawa a haɗiye ba?

Ganyen cike yake da zare mai tauri, selulos, wanda cikin ɗan Adam ba ya iya narkarwa. Saniya da tunkiya suna da tumbi mai ƙwayoyin halittar da ke farfasa wannan zare, shi ya sa suke ƙiba da ciyawa. Mu ba mu da shi. Wanda ya tauna sai ya tsotse ruwan ya tofar da tuƙar, kamar mai shan rake. Haɗiye tuƙar da yawa kan kawo ƙullewar ciki da kumburi.

Daga ina al'adar shanta ta samo asali?

Daga Amurka. A shekarun 1930 wani masanin sinadaran noma mai suna Charles Schnabel ya riƙa ba kaji ciyawar hatsi, ya ce ya ga ƙwansu ya ƙaru, daga nan aka fara sayar da garin a gwangwani a kantunan magani. Wadda ta yaɗa shan ɗanyen ruwan kuwa ita ce Ann Wigmore, haifaffiyar Lituweniya, wadda ta buɗe cibiyarta a birnin Boston. Ba likita ba ce, kuma ta yi ta danganta ciyawar da warkar da manyan cututtuka. A 1982 hukumomin jihar Masacusets suka kai ta kotu kan iƙirarin cewa tsarinta na iya rage wa masu ciwon suga buƙatar insulin, a 1988 kuma aka sake shiga kotu da ita kan maganar cutar ƙanjamau. Yawancin kirarin da ake yi wa ciyawar a yau daga can aka gaje shi, ana ta maimaitawa baki zuwa baki.

Me ke cikin ruwan a zahiri?

Kaso mafi girma ruwa ne. Sai kulorofil, wato sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, da bitamin A, C, E da K, da ɗan ayon, maganiziyam, kalsiyam da fotasiyam, da ɗan furotin. Duk abubuwa ne masu amfani, kuma duk ana samunsu a alayyafo da kabeji da sauran ganyen da ake ci.

Abin da masu talla ba sa son a tsaya a kai shi ne yawan da ake sha. Kurɓi ɗaya da aka saba sha mililita 30 ne, wato cokalin cin abinci 2. Ayon ɗin da ke cikin wannan bai kai miligiram 1 ba, alhali mace mai jinin al'ada tana buƙatar kusan miligiram 18 a rana, mai juna biyu 27, namiji baligi 8. Lissafin ya nuna kansa.

An ce kurɓi ɗaya ya yi daidai da cin kilo guda na ganye. Gaskiya ne?

Zuƙi ta malle ce. Idan aka auna nauyi da nauyi, abin da ke cikin ruwan ciyawar alkama bai yi nisa da na alayyafo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, cokali 2 na ruwa ba za su cike wannan gurbi ba. Ga shi kuma an tace zaren an zubar, alhali zaren ganye ne ke sauƙaƙa bayan gida, yake sa mutum ya daɗe da ƙoshi, yake ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanji. Wanda ya daina cin ganye saboda yana shan wannan ruwa, asara ya yi.

Ai kulorofil kamar jini yake, shi ya sa ake cewa yana ƙara jini, ko ba haka ba?

Wannan ita ce maganar da ta fi ruɗar mutane, domin akwai ƙwayar gaskiya a cikinta. Kulorofil da jan sinadarin da ke cikin himogulobin na jini suna da ƙira mai kama da juna, kowanne zobe ne da ƙarfe guda a tsakiya. Na ganye maganiziyam ne a tsakiyarsa, na jini ayon ne. Masana sun san da wannan kamannin tun farkon ƙarnin da ya wuce, har wasu Jamusawa biyu, Richard Willstätter a 1915 da Hans Fischer a 1930, suka sami lambar Nobel kan aikin da ya shafi waɗannan sinadarai.

To amma kama da wane ba ta wane. Jiki ba ya ɗaukar kulorofil ya cire maganiziyam ya saka ayon ya mai da shi jini. Ɓargo ne ke ƙera jajayen ƙwayoyin jini daga tushe, kuma kayan aikinsa su ne ayon, furotin, folik asid da bitamin B12. Kulorofil ɗin da aka sha kuwa, ɗan kaɗan hanji ke tsotsewa, sauran ya fita da bayan gida, shi ya sa masu sha ke ganin kashinsu ya yi kore. Haka ma zancen cewa yana kai iskar oksijin cikin jiki: ganye na samar da oksijin ne idan hasken rana ya sauka a kansa, cikin mutum kuwa babu rana.

Mai ƙarancin jini ya je a auna shi a gano dalili. Zai iya zama ƙarancin ayon, ko tsutsar ciki, ko zubar jini a ɓoye daga gyambon ciki, ko yawan jinin al'ada. Kowanne da maganinsa. Ita kuma ciyawar ba abin dogaro ba ce wajen samun B12, domin tsirrai ba sa yin wannan bitamin, ƙwayoyin bakteriya ne ke yi.

To, babu wani bincike da ya nuna tana da amfani ke nan?

Akwai, sai dai ƙanana ne, kuma ya kamata a san girmansu kafin a ɗora musu kaya.

A 2002 a Isra'ila an gwada ta a kan mutum 23 masu gyambon babban hanji, cutar da ke sa mutum yawan zawo da jini. Wasu aka ba su mililita 100 na ruwan kullum har wata ɗaya, wasu aka ba su wani ruwa mai kama da shi wanda babu komai a ciki. Waɗanda suka sha na gaskiyar sun sami raguwar zubar jini. Wannan gwaji an tsara shi da kyau, matsalarsa ƙarancin mutane da gajartar lokaci.

A 2007, a Isra'ilar dai, mata 60 masu sankarar mama da ke karɓar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, aka raba gida biyu, ɓangare ɗaya na shan mililita 60 kullum. An ga alamar cewa ƙwayoyin jininsu ba su faɗi ƙasa sosai ba kamar na sauran. Wasu daga cikinsu kuma sun daina sha saboda tashin zuciyarsu ya ƙaru. A lura, ba sankarar aka ce ta warkar ba.

A Indiya, a 2004, an ba yara 16 masu cutar talasimiya, waɗanda rayuwarsu ta dogara da ƙarin jini, ruwan ciyawar kullum, rabinsu buƙatar jininsu ta ragu. Babu wani rukuni da aka kwatanta su da shi, kuma wani binciken da aka yi a ƙasar a 2009 bai ga bambanci ba. A 2017 kuma mata 59 masu yawan kitse a jini aka gwada wa giram 3.5 na garin kullum har mako 10. Kolestarol ɗinsu ya sauka da kusan kashi 5 cikin 100, amma kolestarol mai kyau shi ma ya sauka tare da marar kyan.

Sauran abin da ake ambata yawanci a kan ɓeraye aka yi shi, ko a cikin kwalaben ɗakin gwaji. Irin wannan sakamako yana nuna wa masana inda za su ƙara tono ne, bai isa likita ya rubuta wa majiyyaci ita ba.

Ina da sikila. Tun da ta taimaki masu talasimiya, ni ma za ta taimake ni?

Cututtuka biyu ne mabambanta, duk da cewa dukansu na gado ne kuma sun shafi himogulobin, sakamakon ɗaya ba ya zama hujja ga ɗaya. Ƙari a kan haka, mai sikila ya fi sauran mutane saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta, musamman salmonela, saboda saifarsa ba ta aiki yadda ya kamata, kuma gudawa ko amai na ƙarar masa da ruwan jiki har ciwon ya tashi. Ɗanyen ruwan ganye da ba a tabbatar da tsabtarsa ba haɗari ne a gare shi. Kada a ajiye folik asid ko haidroksiyuriya ko wani maganin asibiti saboda ita.

Tana wanke dattin jiki da gubar da ke cikin jini?

Hanta da ƙoda ne ke wannan aiki, dare da rana, ko an sha ciyawa ko ba a sha ba. Idan ɗayansu ya gaza, ruwan ganye ba zai tashe shi ba. Duk mai cewa abu na fitar da guba, a tambaye shi sunan gubar da yadda ya auna ta kafin sha da bayan sha. Maganar cewa tana rage tsamin jini ma haka take. Ma'aunin tsamin jini yana tsaye tsakanin 7.35 da 7.45, huhu da ƙoda ne ke riƙe da shi, abinci ba ya kautar da shi. Su kuma sinadaran enzayim da ake cewa suna da rai a cikin ɗanyen ruwan, furotin ne, da sun isa ciki ruwan tsamin ciki ke farfasa su kamar yadda yake yi wa nama da ƙwai.

Tana rage ƙiba?

Kurɓi ɗaya bai kai kalori 10 ba, don haka ba ya ƙara ƙiba, ba kuma ya narkar da kitse. Wanda ya sauya lemon kwalba da shi zai ga canji, amma barin lemon ne ya yi aikin.

Nawa ya kamata a sha a rana, kuma a wane lokaci?

Babu wani ma'auni da hukumomin lafiya suka tsayar, sai abin da aka saba da shi da abin da aka yi amfani da shi a gwaje-gwaje. Sabon shiga ya fara da cokalin cin abinci 1, mililita 15, na kwana 3 ko 4. Idan ciki bai yi ƙorafi ba ya koma 30. Yawancin masu sha a tsakanin 30 da 60 suke tsayawa, kuma babu dalilin wuce 100. Idan gari ne, giram 3 zuwa 5, wato cokalin shayi 1 zuwa 1 da rabi, a dama a rabin kofin ruwa mai sanyi ko mai ɗumi, ba tafasasshe ba.

Ana yawan cewa dole sai da safe kafin a ci komai. Ba dole ba ne, kuma shansa a kan yunwa shi ne babban abin da ke kawo tashin zuciya. Wanda ya ji haka ya sha bayan ya ɗan taɓa abinci, ya tsinka da ruwa, ya riƙa kurɓa a hankali maimakon ɗaga kai a zuba gaba ɗaya. Ɗan ruwan lemon tsami na kashe nauyin zaƙin.

Tun da na fara nake jin tashin zuciya, ciwon kai da gudawa. An ce alamar guba na fita ce, in ci gaba?

Kada a ci gaba da wannan hujja. Jiki magayi ne, ko dai an sha fiye da abin da cikin zai ɗauka, ko ruwan ya gurɓata, ko jikin bai karɓe shi ba. A dakata kwana 2 ko 3. Idan komai ya lafa, a sake gwada rabin abin da aka sha a baya, bayan cin abinci, daga sabuwar ciyawa. Idan alamomin suka dawo, a haƙura da ita, babu abin da aka rasa.

Koren bayan gida ba abin tsoro ba ne. Waɗannan kuwa asibiti suke buƙata ba tare da jinkiri ba: ƙuraje masu ƙaiƙayi da suka feso a jiki, kumburin leɓe ko harshe ko maƙogwaro, numfashi da ƙyar, zazzaɓi tare da gudawa, jini a bayan gida, ko fitsari ya ragu sosai bayan kwanakin zawo.

Su wane ne bai kamata su sha ba?

Masu juna biyu da masu shayarwa, ƙananan yara, tsofaffi masu rauni, da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi ƙasa, kamar mai karɓar kemo, wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko mai ɗauke da ƙanjamau da bai daidaita a kan magani ba. Dalilin ɗaya ne, ruwan ɗanye ne, wuta ba ta taɓa shi ba, kuma an shuka ciyawar ne a cikin ɗumi da danshi, yanayin da ƙwayoyin cuta suka fi so. A 2011 a Jamus ɗanyen tsiron hulba da ya gurɓata da wani nau'in bakteriya na E. coli ya kwantar da kusan mutum 4,000, fiye da 50 suka mutu. Ba ciyawar alkama ba ce, amma hanyar tsirar da su kusan ɗaya ce, kuma cutar daga jikin ƙwayar hulbar da aka tsirar ta fito.

Sai masu ciwon ƙoda da aka sa wa dokar rage fotasiyam, da masu borin jini idan sun ci alkama ko sun shaƙi ƙurar furen ciyawa. Wanda za a yi wa tiyata ya gaya wa likita duk abin da yake sha, har da wannan.

Ina shan magani kullum. Za ta iya karo da shi?

Wanda ya fi muhimmanci shi ne warfarin, maganin tsinka jini da ake ba masu matsalar bugun zuciya, masu bawul ɗin zuciya na ƙarfe, da waɗanda jini ya taɓa daskare musu a jijiya. Warfarin na aiki ne ta hanyar tare wa bitamin K hanya, ita kuwa ciyawar alkama, musamman garinta, tana da wannan bitamin da yawa. Wanda ya fara sha kwatsam zai iya rage ƙarfin maganin, jini ya daskare. Wanda ya daɗe yana sha aka daidaita masa magani a kan haka, sannan ya daina kwatsam, jininsa zai iya tsinkewa fiye da kima. Don haka farawa da dainawa duk sai da sanin likita, a kuma sake gwajin INR, wato awon saurin daskarewar jini, bayan canjin.

Masu ciwon suga da ke kan insulin ko ƙwayoyin rage suga su riƙa auna sugansu akai-akai a makonnin farko. Idan ya sauka ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, ko aka ji rawar jiki, gumi da jiri, a sha abu mai zaƙi nan take. Kuma ko awon ya yi kyau na 'yan kwanaki, kada mutum ya rage wa kansa magani. A nan ne ake gudun gara a faɗa gidan zago.

Ba na cin gulutin saboda cutar siliyak. Ai alkama ce, ko?

Gulutin, wato furotin ɗin alkama da ke yi wa hanjin mai siliyak illa, a cikin ƙwayar yake, ba a ganyen ba. Ganyen da aka yanke tun yana ƙarami, sama da inda ƙwayar take, babu gulutin a cikinsa. Matsalar gauraya ce: ƙwaya ɗaya da ta maƙale a cikin ganyen aka matse tare, ko garin da aka niƙa a injin da ake niƙa hatsi. Mai siliyak ya nemi garin da aka rubuta cewa an gwada shi kuma gulutin ɗinsa bai kai kashi 20 cikin miliyan ba, wannan ne ma'aunin da Amurka da Turai ke aiki da shi. Idan a gida ake shukawa, a tsince ganyen a wanke kafin a matse.

Yaya ake shuka ta a gida?

A nemi cikakkiyar ƙwayar alkama ta ci, wadda ba a surfa ba, ba a fasa ba. A guji irin shuka da aka yi wa turaren magani, wanda galibi ake rina shi ja ko ruwan hoda, wannan guba ce a jikinsa. Ga tire mai faɗin santimita 25 da tsawon 50, kofi 1 zuwa 1 da rabi na ƙwaya ya isa.

A wanke, a kwashe waɗanda suka taso saman ruwa, a jiƙa na awa 8 zuwa 12. Kada a wuce haka, ƙwayar za ta fara tsami. A tsiyaye, a bar ta a rariya, a riƙa ɗauraye ta safe da yamma har kwana 1 ko 2, sai an ga ɗan farin saiwa ya leƙo. A zuba ƙasa mai tsabta a tire mai huji a ƙasansa, kaurin santimita 3, ba tare da ɗanyen takin dabba ba. A baza ƙwayar shimfiɗa ɗaya, kada wata ta hau kan wata, a danna kaɗan, a yayyafa ruwa, a rufe da wani tiren ko jiƙaƙƙen ƙyalle na kwana 2 ko 3. Idan tsiron ya kai tsawon gaɓar yatsa, launinsa rawaya-rawaya, a buɗe a kai shi inda akwai haske da iska amma ba tsakar rana ba. Cikin yini ɗaya zai koma kore.

Ban ruwa sau ɗaya a rana ya isa, kuma ya fi kyau a zuba a gefen ƙasar ko a faranti ƙarƙashin tiren, kada ganyen ya kwana a jiƙe. Lokacin yanka shi ne idan ganye na biyu ya fara tsagowa daga jikin na farko. A yanke da almakashi mai tsabta, santimita 2 sama da ƙwayar. Tire irin wannan kan ba da abin da ya kai mililita 250 zuwa 300, wato na kwana 8 zuwa 10 ga mai shan 30, don haka mai sha kullum sai ya riƙa dasa sabon tire duk mako. Ciyawar kan sake tohowa bayan yanka, amma ta biyu siririya ce, ruwanta kaɗan, kuma ita funfuna ta fi kamawa.

Na ga wani farin abu kamar auduga a gindin ciyawar. Funfuna ce?

A duba da kyau, domin abu biyu ne ke kama da juna. Sabuwar saiwa tana fitar da wani farin gashi mai laushi da ke kewaye da ita daidai wa daida, a jikin saiwar kawai. Idan aka fesa masa ruwa sai ya kwanta ya ɓace, kuma ba ya wari. Wannan lafiya ce. Funfuna kuwa kamar yanar gizo take, tana tsallakawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya, tana hawa gindin ganye, ruwa ba ya ɓatar da ita, bayan kwana ɗaya ko biyu a ga ɗige-ɗige baƙaƙe ko shuɗi-kore a kanta. A kusantar da hanci, za a ji warin ɗakin da ya daɗe a rufe da danshi. Ƙwayoyin da ke ƙarƙashinta sukan yi laushi, su yi yauƙi.

Wasu masu shuka kan ce a yanke can sama a wanke a sha. Shawararmu a zubar da tiren gaba ɗaya, kofin alkama bai kai darajar kwana a asibiti ba. Abin da ke jawo ta sananne ne: ƙwaya ta yi cunkoso, ruwa ya yi yawa ko ya kwanta a ƙasan tire, iska ba ta ratsawa, ko zafi ya yi yawa. Ciyawar ta fi son digiri 18 zuwa 24 a ma'aunin Salshiyas. Inda ake zafi da danshi a rage yawan ƙwaya, a taƙaita jiƙo zuwa awa 8, a kunna fanka ta riƙa kaɗa tiren, a yi yanka da wuri tun a kwana na 7. Tsakanin shuka da shuka a wanke tiren da sabulu da ruwan zafi, a shanya ya bushe ƙayau, a kuma sauya ƙasa.

Da me ake matsewa, kuma ruwan zai iya kwana?

Injin da ya dace shi ne mai murɗawa a hankali, na hannu ko na lantarki. Mai juyawa da gudu, irin na matse karas, ba ya iya ta, zaren kan nannaɗe a haƙoransa ya toshe shi. Wanda ba shi da injin ya yayyanka cikin hannu guda na ganyen, ya zuba a bilenda da rabin kofin ruwan sha mai tsabta, ya markaɗa na daƙiƙa 30 zuwa 60, ya tace da ƙyalle mai laushi yana matsawa da hannu. Wannan ruwan ya riga ya tsinke, shi ke nan na yini ɗaya.

A sha cikin minti 15 zuwa 20. Idan ya zauna launinsa kan dushe ya koma kore mai duhu, bitamin C ɗinsa ya ragu, ƙwayoyin cuta su fara hayayyafa. Idan dole sai an ajiye, a zuba a kwalba mai murfi a sa a firij, kada ya wuce yini ɗaya, ko a daskarar da shi a tiren ƙanƙara a riƙa ciro ɗaya-ɗaya. Ganyen da aka yanke kuwa zai kai mako a firij, muddin ba a wanke shi ba kafin ajiya, an kuma naɗe shi a busasshen ƙyalle. Ranar matsewa ake wankewa.

Gari ko ƙwayoyin da ake sayarwa, yaya za a gane mai kyau?

Gari iri biyu ne. Akwai na busasshen ganye da aka niƙa gaba ɗaya, mai zare a ciki, wanda ke kwantawa a ƙasan kofi kamar yashi. Akwai na ruwan da aka matse sannan aka busar, wannan ya fi narkewa kuma ya fi ƙarfi, don haka ƙasa da cokalin shayi ake farawa da shi. A karanta jikin roba a san wanne aka saya, a duba ko an haɗa shi da wasu ganyaye ko suga. A mafi yawan ƙasashe irin waɗannan kayayyaki ba sa bin tsauraran gwaje-gwajen da ake yi wa magani kafin a shigar da su kasuwa, shi ya sa ya kamata a nemi mai lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna, mai ranar ƙarewar aiki, wanda kuma wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ya auna shi don dalma da sauran ƙarafa masu guba da ciyawa kan zuƙo daga ƙasa. Robar da aka rubuta wa jerin cututtukan da take warkarwa, a mayar da ita inda aka ɗauko.

Gari mai kyau kore ne mai haske, a warwatse yake, ƙanshinsa na busasshiyar ciyawa. Idan ya koma ruwan ƙasa, ko ya dunƙule, ko yana warin danshi, ya lalace. A ajiye shi a rufe ruf, nesa da rana da tururin girki, a kuma riƙa ɗiba da busasshen cokali.